Dokar da Aka Ɗinka Domin Turawa, Wasu Suka Saka

A ranar 3 ga Oktoba, 1965, Shugaba Lyndon Johnson ya rattaba hannu kan sabuwar dokar shige da fice ta Amurka a gindin Mutum-mutumin 'Yanci da ke birnin Niyok. A jawabinsa ya ce dokar ba juyin juya hali ba ce, kuma ba za ta taɓa rayuwar miliyoyin mutane ba. Ba yaudara ya yi ba. Haka kusan kowa ya zata.

Tun daga 1924, Amurka tana raba bizar zama ne bisa asalin ƙasa. Kusan kashi 70 cikin ɗari na guraben na Birtaniya da Ayilan da Jamus ne, mutanen Asiya kuwa an rufe musu ƙofa kusan baki ɗaya. Gwamnatin Kennedy, daga baya ta Johnson, ta nemi a soke wannan tsari a fifita masu ilimi da sana'a. Sai Michael Feighan, ɗan majalisar wakilai daga Ohio kuma shugaban ƙaramin kwamitin shige da fice, ya juya lissafin: a fifita dangi. An ware wa iyali kashi 74 cikin ɗari na bizar, 'yan'uwan haihuwa kaɗai suka samu kashi 24.

Hikimar ba ɓoyayya ba ce. Tunda mafi yawan Amurkawa tsatson Turai ne, masu dangi a Amurka ma Turawa za su kasance, ke nan an canja doka ba tare da an canja launin masu shigowa ba.

Abin da ba a hango ba shi ne Turai ta Yamma ta farfaɗo daga yaƙi, mutanenta ba su da dalilin yin ƙaura, na Gabas kuma gwamnatocin kwaminisanci sun tsare su. Likitoci da injiniyoyi da ma'aikatan jinya daga Indiya da Filifin da Koriya suka shiga ta 'yar ƙofar sana'a. Bayan shekara biyar mutum ya zama ɗan ƙasa, ya nemar wa iyayensa da ƙannensa. Matar ƙanen ta zama 'yar ƙasa, ita ma ta kira nata. Wanda ya san yadda zumunci yake a waɗannan ƙasashe ba zai yi mamaki ba, sai dai ba a tambayi irinsa ba.

Majalisa ba ta rushe tsarin ba, ta dai ƙara masa nauyi. Dokar 1990 ta kayyade bizar 'yan'uwan haihuwa a 65,000 a shekara, kuma ba ƙasar da za ta wuce kashi 7 cikin ɗari na bizar da aka iyakance. Mata ko miji da ƙananan yara da iyayen ɗan ƙasa ba su da iyaka, amma ƙanen da ke Meziko ko Filifin yakan jira sama da shekara ashirin. A 1996 kuma aka mayar da takardar ɗaukar nauyi alkawarin da kotu ke iya tilastawa: dole mai nema ya nuna kuɗin shigarsa ya kai kashi 125 cikin ɗari na ma'aunin talauci. Nauyin yana wuyansa har ɗan'uwan ya zama ɗan ƙasa ko ya yi aikin kimanin shekara goma, kuma ko aure ya mutu, sa hannun yana nan.