Sabon ma'aikacin jinya a ɗakin reya: wane ƙarin horo yake bukata bayan makaranta?

Ɗakin reya, kamar yadda muke kiransa da kalmar da muka aro daga Faransanci, shi ne inda ake kwantar da maras lafiyan da ciwo ya kai shi gargara: numfashi na yankewa, ko ya suma, ko jini ya zuba da yawa. Likita yakan duba ya wuce wani gadon. Wanda ke tsaye dare da rana shi ne ma'aikacin jinya, mace ko namiji, shi ne kuma yake fara ganin alamar cewa jiki ya juya.

A Nijar yawancin ma'aikatan jinya suna fitowa ne daga makarantun ENSP na Yamai da Damagaram, ko daga makarantu masu zaman kansu. Takardar da suke fitowa da ita ta aikin jinya ce gaba ɗaya. Kula da mai rai kwakwai mutu kwakwai kuwa fanni ne na daban, sai a bakin gado ake ƙware a kansa. Ƙarin horo shi ne karatun da ake yi bayan an kama aiki: kwas na 'yan kwanaki, ko zama a babban asibiti na wasu makonni ƙarƙashin wanda ya daɗe, ko komawa makaranta a fito babban ma'aikacin sa barci da farfaɗo da maras lafiya.

Mu a nan Gure abin ya shafe mu ta wata fuska. Babban asibitin ƙasa yana Damagaram, tafiyar da ta haura kilomita 150, ban da wadda aka riga aka yi daga Kelle ko Bune kafin a iso gari. Ke nan awowin farko, waɗanda su ne masu tsada, a hannun ma'aikacin CSI ko na asibitin gundumarmu suke, ko da kuwa bai taɓa taka ɗakin reya mai injuna ba. Kuma sau da yawa sabon shiga ake turawa daji.

Horon farko da aka fi sani shi ne TETU, tsarin da Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta fitar a 2005 bisa aikin da aka yi a Malawi. Kwana uku da rabi ake yi. Ana koya wa ma'aikaci ya dubi yaro tun daga ƙofa, cikin daƙiƙa kamar 20, ya raba layi uku: wanda za a kama yanzun nan, wanda za a shigar gaba, da wanda zai iya jira. Yana duba hanyar iska da numfashi, da zagayen jini, da suma ko jijjiga, da bushewar jiki saboda zawo. Don haka in kun ga an tsallake ku an ɗauki yaron da ya zo bayanku, ba lallai sanayya ba ce.

Sai aikin na'urori ƙanana. Ɗan abin nan da ake maƙala wa yatsa yana auna iskar da ke cikin jini. In ya nuna ƙasa da 90 cikin 100, a sa oksijan. Yaron da ya suma ana ɗiga jininsa a auna sukari nan take, domin ƙarancin sukari yana kashewa cikin ɗan lokaci, maganinsa kuma ruwan sukari ne da ake lissafawa da nauyin yaro. Lissafin nan ne sabon ma'aikaci yake yawan jin tsoro, musamman da ƙarfe ukun dare ba kowa kusa.

Abin da ya sa karatun ba ya ƙarewa shi ne ilimin kansa yana canjawa. Ga misali biyu da suka shafi yaranmu kai tsaye.

Shekara da shekaru kinin ne maganin zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. A 2010 aka fitar da sakamakon wani bincike mai suna AQUAMAT, wanda aka yi kan yara 5,425 a ƙasashen Afirka tara, ya nuna allurar artesunate ta rage mutuwa da kashi 22.5 cikin 100 idan aka kwatanta da kinin. A 2011 OMS ta sa ta gaba. Daga baya ma aka sake gyara awon: yaron da bai kai kilo 20 ba ana ba shi miligiram 3 kan kowane kilo, maimakon 2.4 na manya. Wanda ya tsaya kan tsohon littafinsa zai ba yaro ƙasa da abin da ya kamata, da kyakkyawar niyya.

Na biyu ya fi ba da mamaki. An daɗe ana koyar da cewa yaro mai zazzaɓi da jikinsa ya yi sanyi a ɗura masa ruwa da sauri ta jijiya. A 2011 binciken FEAST, a Yuganda da Kenya da Tanzaniya, kan yara sama da 3,000, ya gano waɗanda aka yi wa haka sun fi mutuwa cikin kwana biyu. A 2016 OMS ta gyara ƙa'idarta. Ga mai tamowa kuwa abin ya fi tsauri, zuciyarsa ba ta ɗaukar ruwa da yawa, shi ya sa a CRENI ake fara shi da madarar F-75 kaɗan-kaɗan. Mun san yadda iyaye ke ji: in ba a rataya leda ba kamar ba a yi magani ba. To, wani lokaci ƙin rataya ta shi ne aikin.

A ganinmu horon da ake yi a zauren taro, a raba takarda a watse, ba ya isa. Hannu ne ke bukatar sabo: neman jijiyar jariri, matsa jakar numfashi, juya wanda ya suma kada ya shaƙe, rubuta bugun zuciya da zafin jiki kan lokaci, da sanin sa'ar da za a kira majo ko likita ba tare da jin kunya ba. Irin wannan sai da maimaici, kan 'yar tsana tukuna, sannan kusa da wanda ya iya. Lokacinsa ma yana da muhimmanci. Daga Agusta zuwa Oktoba gadaje ke cika, sauro da yunwar damina sun haɗu, ba mai sararin zama aji. Horon da zai yi amfani kafin ruwa ya sauka ya kamata a yi shi.

Akwai kuma matsalar da ba a cika faɗa ba: a horar da mutum, shekara ta kewayo a yi masa canjin wurin aiki, a kawo sabo a koma farko. A watan Mayun 2023 babban taron OMS ya amince da ƙudurin da ke kiran ƙasashe su sa kulawar gaggawa da ta masu tsananin ciwo cikin tsarin lafiya tun daga matakin ƙasa. Kwamitocin lafiya na ƙauyukanmu suna da damar tambayar majo a taro: cikin ma'aikatan da ke kwana a nan, nawa ne suka yi TETU, kuma yaushe?