Dutsen Dala: Mahawar da ke tsakiyar tarihin Kano

Dutsen Dala yana cikin ganuwar tsohon birnin Kano, kuma daga kansa mutum kan hango unguwannin birnin, har da takwaransa Goron Dutse.

Ba kamar duwatsun gaɓar teku na Turai ba, waɗanda ake hawa da igiya da ƙugiya, shi Dala da ƙafa ake hawansa, ta matakalar da aka gina har zuwa ƙololuwarsa.

Masana tarihi sun ce tun ƙarni na 7 maƙera ke zaune a gindin dutsen, suna narka tama domin samun ƙarfe.

Littafin Tarihin Kano ya nuna cewa kafin zuwan Musulunci, ba kowa ke kusantar wurin bautar Tsumburbura ba sai Barbushe, wanda kan sanar da jama'a abin da ya ce zai faru a shekara.

A shekarar 1851 Bajamushen nan mai yawon bincike, Heinrich Barth, ya hau dutsen, inda ya zana hoton birnin.

A shekarar 2007 kuma aka sanya Dala, tare da ganuwa da Kasuwar Kurmi da fadar Sarki, cikin jerin wuraren da Najeriya ke neman hukumar UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihi na duniya.

Sai dai zaizayar ƙasa, da zubar da shara, da gine-ginen da suka matse gindinsa, na barazana ga dutsen.