2.2 Unguwar Kwarbai da Matsayinta a Tarihin Birnin Zariya

Masarautar Zazzau tana ɗaya daga cikin ƙasashen Hausa Bakwai. Bisa ga tarihin baka, cibiyar mulkinta ta zauna a wurare irin su Kufena da Turunku kafin ta tabbata a inda birnin Zariya yake a yau, a wajen ƙarni na 16. Ana danganta wannan ƙaura da gidan Bakwa Turunku, wanda daga cikinsa ne Sarauniya Amina ta fito. An kewaye birnin da ganuwa ta ƙasa mai ƙofofi da dama, waɗanda suka haɗa da Ƙofar Doka da Ƙofar Kuyambana da Ƙofar Gayan da Ƙofar Kona da Ƙofar Bai da Ƙofar Jatau da kuma Ƙofar Kibo. A cikin wannan ganuwa ne unguwar Kwarbai take, inda fadar Sarkin Zazzau da babban masallacin Juma'a suke daura da juna.

Muhimmancin Kwarbai ya fito fili ne bayan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. A shekarar 1808 Malam Musa, wanda ya karɓo tuta daga Shehu, ya ci birnin. Sarkin Haɓe Muhammadu Makau ya fice ya nufi kudu zuwa Zuba, daga baya ɗan'uwansa Abu Ja ya kafa garin Abuja a 1828, wanda a yanzu ake kira Suleja. Abin lura a nan shi ne, sababbin masu mulki ba su gina wani gari dabam ba. Sun zauna a tsohon birnin, sun kuma riƙe da yawa daga cikin sarautun da suka tarar.

Bugu da ƙari, sarautar Zazzau ta bambanta da ta Kano ko Sakkwato ta fuskar gadon mulki, domin gidaje huɗu ne suka riƙe ta, wato Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa. Malam Musa ya rasu a 1821, Yamusa na gidan Barebari ya gaje shi, sannan Abdulkarimu na gidan Katsinawa ya hau a 1834. A zamanin Abdulkarimu ne Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina masallacin Juma'a da tubali da azara, ginin da masana gine-gine ke ɗauka a matsayin ƙololuwar fasahar maginan Hausa. Saboda haka, duk da cewa mulki yana zagayawa tsakanin gidaje, fada da masallaci sun kasance wuri ɗaya da kowane gida ke hanƙoron kaiwa.

Zuwan Turawa a 1902 ya sauya yanayin birnin. Sun tuɓe Sarki Kwasau, suka naɗa Aliyu ɗan Sidi a 1903. Sai dai mafi yawan cibiyoyin zamani a wajen ganuwa aka kafa su. Hanyar jirgin ƙasa ta haifar da Sabon Gari, Tudun Wada ta zama mazaunin baƙi, an fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, sannan aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru a 1962. Ta haka kasuwanci da ilmin boko suka karkata waje, amma naɗin sarauta da hawan sallah suka ci gaba da gudana a ƙofar fada. Ko a shekarar 2020, bayan rasuwar Sarki Shehu Idris wanda ya yi shekara 45 a kan gadon sarauta, fadar nan ce Ambasada Ahmad Nuhu Bamalli ya shiga, shekara ɗari bayan gidan Mallawa ya rabu da ita.

Daga ƙarshe, ya kamata a lura da halin da waɗannan kayayyakin tarihi suke ciki. Ganuwa ta zube a wurare da yawa saboda zaizayar ruwa da ɗibar ƙasa da gina gidaje a kanta. Shi ma masallacin an lulluɓe shi da ginin siminti a shekarun 1970, kuma a watan Agusta na 2023 wani sashensa ya rufta ana cikin sallar La'asar, aka yi asarar rayuka. Idan ba a adana abin da ya rage ba, masu nazari na gaba za su dogara ne kacokan a kan rubuce-rubuce da tarihin baka wajen fahimtar tsarin birnin. Sashe na gaba zai yi bayani a kan sarautun fada da ayyukan kowace daga cikinsu.