Baba da shuni: masana'antar sinadari da ta tsiro a gonakin Ƙaraye

A ƙarni na 19, kudu maso yammacin masarautar Kano ƙasar rini ce. A yankin Ƙaraye, da Rogo da Zarewa da ke kan iyakar Zazzau, ana noman baba tare da dawa da auduga, marina kuma na rina ƙyallen da fatake ke kwasa. Da Heinrich Barth ya iso Kano a 1851, ya tarar tufafin da aka saƙa aka rina a ƙasar suna kaiwa har Timbuktu da Tarabulus.

Ganyen baba kore ne, babu shuni a cikinsa. Abin da yake ɗauke da shi wani sinadari ne marar launi da masana ke kira indikan. Sai ganyen ya jiƙa ya ruɓa, sinadarin ya rabu da sukarin da ke riƙe da shi, iska ta taɓa shi, sannan ya zama shuni. A ramin marina, ruwan toka da ƙananan ƙwayoyin halitta ne ke narkar da shunin har ya shiga zare. Shi ya sa ƙyalle ke fitowa kore-kore, sannan ya rikiɗe shuɗi a sarari. Ko katsin da ke kwantawa a gindin rami ba a zubar da shi, da shi ake haɗa lason da ake shafe sabon rami. Manomi ne ke samar da tushen sinadarin, marini ya sarrafa shi.

Daga Jamus aka karya wannan tsari. Adolf von Baeyer ya haɗa shuni a ɗakin gwaji, kamfanin BASF kuma ya fara sayar da shi a 1897. Shunin masana'anta ya fi araha, sai ya durƙusar da noman baba a Indiya, daga baya ya iso marinan ƙasar Hausa tare da atamfar Turai. Amma ana yin sa ne daga sinadaran kwal da man fetur, da wasu masu guba, ruwan rininsa kuma na gurɓata koguna.

Saboda haka masana suka waiwayi shuka. A 2007, masu bincike suka ba da rahoton cewa sun sauya ƙwayar gadon taba har ta samar da indikan. A 2018, wasu a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley suka sa bakteriya ta yi shi.

Nijeriya ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Ta kafa hukumar kula da irin wannan fasaha a 2015, a 2019 kuma aka saki waken da aka sauya wa ƙwayar gado, wanda cibiyar binciken noma ta Samaru ta samar. Darasin Ƙaraye da Rogo shi ne arzikin baba ya zauna a ƙasar ne domin iri da marina da kasuwa duk suna hannun mutanenta. Idan sinadarai suka dawo gona amma mallakar iri da sarrafawa suna ƙetare, jikokin marina za su tashi da sayar da ganye kawai.