Ƙololuwar da Sharafuddin al-Tusi ya gano

Duk ɗalibin da ya kai babin kalkulas ya san tambayar: a ba ka x²(3 − x), a ce ka nuna inda yake hawa, inda yake gangarowa, da wurin da ya juya. Sunan Newton da Leibniz ake yawan kira a nan. Amma kusan shekara ɗari biyar kafin Leibniz ya buga maƙalarsa a 1684, wani malami ɗan garin Tus a ƙasar Farisa ya riga ya taka wannan ƙololuwa.

Sunansa Sharafuddin al-Tusi, ya koyar a Damashƙa da Halab da Mosul, ya rasu wajen 1213. Kada a rikita shi da Nasiruddin al-Tusi mai ilimin taurari, wanda ya zo daga baya.

Abin da ya dame shi daban ne da abin da ke damun ɗalibinmu. Umar Khayyam ya riga ya karkasa mas'alolin aljabara masu x³, yana warware su da zane. Sai dai wasunsu ba kullum suke da amsa ba. Al-Tusi ya ware iri biyar masu wannan hali, ya ce kafin mutum ya ɓata dare yana neman amsa, ya fara sanin ko akwai ta.

Mu gwada da misalinmu. Idan x ya zama 1, sakamakon 2 ne. Idan 2 ne, sakamakon 4. Idan 3 ne, ya faɗo sifili. To, ya hau ya sauko, kuma bai taɓa wuce 4 ba. Saboda haka wanda ya ce x²(3 − x) ya yi daidai da 5, ya nemi abin da babu a lambobin da suka haura sifili, waɗanda su kaɗai masana zamanin suke ɗauka amsa. Idan 4 aka nema, amsa ɗaya ce tak. Idan 2 ne, amsa biyu ce: ɗaya a hawa, wato 1, ɗaya a gangara, wajen 2.73. Al-Tusi ya nuna cewa duk lambar da aka sa a gurbin 3, juyin yana faruwa ne a kashi biyu cikin uku nata. Kuma duk wannan da jimlolin Larabci ya rubuta shi, babu x, babu alamar ragi.

Yaya aka yi ya gano wurin? Littafin ya iso mana ne a taƙaice, ta hannun wani da ba a san sunansa ba, kuma bai bayyana hanyar ba. Roshdi Rashed, wanda ya buga shi a Paris a 1986, yana ganin al-Tusi ya yi amfani da dabarar da ake koyarwa yau a kalkulas. Jan Hogendijk ya musa, ya nuna za a iya kaiwa can da ilimin zane na Yuklid kaɗai. Ni dai na fi karkata ga Hogendijk, domin Yuklid ne littafin da ke hannun al-Tusi da ɗalibansa.