Tafkin Bagauda da Mawaƙin da Sunansa ya Ɓata

Duk wanda ya baro birnin Kano ya yi kudu, ya ratsa ƙasar Bebeji zai nufi Tiga, da wuya bai ji an ambaci Bagauda ba. Direbobi sun san wurin, masunta sun san shi, haka ma ɗaliban da ke zuwa daga jihohi daban-daban, domin a bakin tafkin ne reshen Kano na Makarantar Horar da Lauyoyi ta Najeriya yake, cikin gine-ginen da a da otal ne. Tafkin da otal ɗin duk aikin zamanin Audu Bako ne, gwamnan farko na Jihar Kano, wanda ya yi mulki daga 1967 zuwa 1975, shi ne kuma ya gina madatsar ruwa ta Tiga. Da aka zo raɗa wa wurin suna, sai aka koma baya kusan shekara dubu, aka ɗauko sunan mutumin da tarihi ya ce shi ne sarkin Kano na farko.

To, ta wace hanya sunan nan ya iso gare mu? Bagauda bai bar mana kuɗi mai ɗauke da sunansa ba, bai bar dutse mai rubutu ba. Hanyoyi biyu ne manya suka riƙe shi. Ta farko ita ce littafin Tarihin Kano da aka rubuta da Larabci, wanda ya jero sarakuna tun daga Bagauda har zuwa Sarki Muhammadu Bello. Wani Baturen mulki, H. R. Palmer, ya fassara shi zuwa Turanci a 1908, kuma daga lissafinsa ne aka samo shekarun da muka haddace a makaranta, wato Bagauda ya yi sarauta daga 999 zuwa 1063. A wannan littafi Bagauda ɗan Bawo ne, baƙo mai rundunar yaƙi da ya zo ya tarar da mutane a ƙasar.

Hanya ta biyu waƙa ce, Waƙar Bagauda, kuma da Hausa take. Mervyn Hiskett, wanda ya koyar a Makarantar Nazarin Larabci ta Kano, ya buga ta tare da fassara da sharhi a wata mujallar ilimi ta Landan a 1964 da 1965. Labarinta ya sha bamban da na littafin. A cikinta Bagauda maharbi ne daga Gaya, wanda ya fara sarar daji a lokacin da ƙasar Kano take ƙungurmin kurmi, babu kowa sai giwaye da ɓauna da sauran namun dawa. Mutumin Doguwa ko Tudun Wada ba sai an yi masa dogon bayani ba. In ya tsaya a bakin dajin Falgore, inda Kogin Kano ke ratsawa kafin ya zuba a Tiga, zai ga irin ƙasar da waƙar ke nufi. Daga nan waƙar ta bi sarakuna ɗaya bayan ɗaya, tana faɗin daɗewar kowa a kan gado, sannan ta juya wa'azi, tana tuna wa mai saurare cewa duk waɗannan da aka lissafa sun kwanta dama, shi ma yana hanya.

Abin da ba a sani ba har yau shi ne wanda ya fara shirya ta. Ta bi bakuna da yawa, masu rera ta suna ƙara sunayen sarakunan da suka zo daga baya, amma sunan mai ita ya faɗi a hanya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Sarki ya samu tafki, mutumin da ya ɗaure sunan sarkin cikin baiti don kada a manta shi kuwa, ko allo bai samu ba.

Akwai wata al'umma da ta yi akasin haka, kuma labarinta zai taimaka mana mu auna namu. A gaɓar Tekun Indiya, a arewacin ƙasar Mozambik, akwai wani ɗan tsibiri da ake kira Tsibirin Mozambik, wanda shi ne hedikwatar Turawan Fotugal a yankin har zuwa 1898. A bakin ruwan tsibirin akwai mutum-mutumin wani mawaƙi, Luis de Camoes, wanda mutanen Fotugal ke ɗauka a matsayin babban mawaƙinsu. An haife shi wajen 1524. Soja ne, ya rasa idonsa na dama a Sabta, a gaɓar Maroko, ya tafi Indiya a 1553, ya sha ɗauri saboda bashi. A kan hanyarsa ta komawa gida guzuri ya ƙare masa, ya maƙale a wannan tsibiri daga 1567 zuwa 1569. Wani abokinsa marubucin tarihi, Diogo do Couto, ya same shi a nan cikin talauci, sai abin da abokai suka ba shi yake ci, su ne ma suka haɗa masa kuɗin jirgi.

A 1572 aka buga babbar waƙarsa, Os Lusiadas, mai baiti 1,102, kowane baiti da ɗango takwas, wadda ta ba da labarin tafiyar Vasco da Gama zuwa Indiya ta teku. Sarki ya yanka masa ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Ya rasu matalauci ranar 10 ga Yuni, 1580. Yau wannan rana ita ce ranar ƙasa ta Fotugal. Ƙasashe da yawa ranar samun 'yanci ko ranar cin wani yaƙi suke biki, su kuwa ranar mutuwar mawaƙi suka zaɓa.

Sai dai mai karatu ya san abin da ke bayan wannan karramawa. Mutanen tsibirin, jiya da yau, galibinsu Musulmi ne. Da Vasco da Gama ya iso wurinsu a 1498, rabuwar ba ta yi daɗi ba, sai da ya yi wa garin luguden igwa. Camoes kuwa, a kashin farko na waƙarsa, ya nuna Musulmin tsibirin a matsayin maciya amana, ya wanke 'yan ƙasarsa tas. Ke nan jikokin waɗanda ya ɓata ne ke wucewa ta gaban siffarsa kullum za su kamun kifi. Duk da haka, marubutan Mozambik sun karɓi harshen da ya bari sun faɗi nasu labarin da shi. Jose Craveirinha ya ci kyautar adabi mai sunan Camoes a 1991, Mia Couto a 2013, Paulina Chiziane a 2021. Da yake an san mawaƙin, an san inda ya zauna da wanda ya ciyar da shi, ana iya tuhumar maganarsa, a ce ga dalilin da ya sa ya faɗi kaza. Mu kuwa, in muka tambayi abin da ya sa Waƙar Bagauda ta ce daga Gaya ya fito, littafin Tarihin Kano ya faɗi wani abu daban, babu wanda za mu riƙe.

Babu mai cewa a kafa mutum-mutumi a Bagauda. Addininmu bai yarda da shi ba, kuma dama muna da tamu hanyar. Malaman da suka rubuta waƙoƙi da ajami sun saba rufe waƙa da ambaton sunansu, wani lokaci har da na mahaifi da na gari, su kuma ɓoye shekarar cikin haruffan ramzi. Da irin wannan kulawa da kuma ta almajirai masu kwafa muka san ayyukan Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864. Aliyu Namangi na Zariya makaho ne, amma Imfiraji ba ta taɓa rabuwa da sunansa ba. Sa'adu Zungur, wanda ya rasu a 1958, yana da zauren taro mai sunansa a Gidan Mambayya a Kano, jami'ar Jihar Bauchi da ke Gadau ma sunansa take amsawa yanzu.

Wannan tsohuwar al'ada ce ke neman kuɓuce mana. Yau baiti zai fito a Facebook da safe, kafin la'asar ya zaga WhatsApp, an yanke baitin ƙarshe mai sunan mai shi don saƙon ya yi gajere, wani ma ya liƙa nasa. Abin da ya ɗauki tsawon zamani kafin ya sami mawaƙin Bagauda, yanzu a yini guda yake samun matashin marubuci a Kiru ko Riruwai. Hausawa sun ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, to in bakin ya tafi, sunan ne kawai zai tsaya masa.

Maganin ba mai tsada ba ne. Wanda zai tura waƙa ya tura ta da sunan mai ita. Wanda ke da tsoho a gida mai haddar tsofaffin waƙoƙi ya ɗauki muryarsa a waya, ya tambaye shi a wurin wa ya koya, ya rubuta amsar. Masu hukunci a Bebeji da Kano kuma, in sun ga dama, allo guda ya isa a bakin tafkin: a rubuta wane ne Bagauda, a rubuta cewa akwai waƙa mai sunansa, a kuma bar layi ɗaya a roƙa wa wanda ya shirya ta gafara, ko da ba a san sunansa ba. Allah Ya san shi.