Daga Kibiyar Fatake Zuwa Dokar Ta-ɓaci: Tarihin Makami a Hanyarmu

Albarkacin zagayowar ranar kafa ƙungiyarmu, shugabanni sun umarce mu, mu ma'aikatan ofis, mu rubuta wani abu na tarihi a wannan mujalla. Sai muka ɗauko maganar da ta fi yawan zuwa teburinmu a 'yan shekarun nan. Da wuya a tashi taron wata ba tare da wani direba ko mai kaya ya miƙe ya ce: hanya ta lalace, masu tare ta suna da manyan bindigogi, don me hukuma ke hana mu riƙe ko da bindigar toka? Mai wannan tambaya sau da yawa ya ga gawa a gefen titi da idonsa, saboda haka ya cancanci amsa mai hujja. Amsar kuwa tana cikin tarihin hanyar da muke bi.

Kakanninmu fatake da makamansu suke tafiya. A ƙarni na 19 ayari kan tashi daga Kano ko Sakkwato ko Jega zuwa Gwanja, tafiyar wata biyu ko uku. Sukan ƙetare Kwara, su ratsa ƙasar Bargu, su bi ta Sansanin Mango da Yandi har kasuwar Salga, a arewacin Gana ta yau. Suna kai kanwa da tufafin rini da jemammiyar fata da gabu, wato busasshen ganyen albasa, su komo da goro. Ashe albasa tsohuwar matafiya ce a wannan hanya. Cikin kayan har da bayi, abin da ba ma alfahari da shi. Bargu ta yi suna wajen 'yan kwanton ɓauna, don haka mazan ayari na rataye da kwari da baka, wasu da mashi ko takobi, kaɗan kuma da bindigar toka.

Amma wanda ya duba da kyau zai ga makami shi ne ƙaramin abin da ke tsare ayari. Na farko yawa ne: ɗaruruwan mutane, wani lokaci fiye da dubu, da jakuna da takarkarai. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Sannan akwai tsari. Madugu ke da maganar ƙarshe, jagaba ya san hanya da mashaya, uban dawaki na tara kuɗin da za a biya, malamin ayari na riƙe da lissafi, aikin da mu 'yan ofis muka gada. A kowace ƙasa ana biyan fito da gaisuwar sarki, shi kuma sarki ya lamunce a wuce lafiya. A zango akwai mai masauki da ke tsaya wa baƙo. Ba wanda ke ɗana kibiya sai da izinin madugu, domin harbi ɗaya na ganganci kan rufe hanya ga duk ayarin da ke baya.

Ranar da tsarin gari ya rushe kuwa, makaman fatake ba su ceci komai ba. A 1892 rikicin sarauta ya ɓarke a Salga ya zama yaƙin basasa. Kasuwar ta watse, 'yan kasuwa suka bazu zuwa Kete Karaci da Kintampo da Kumasi da sauran garuruwa. Zanguna da yawa da muke sauka a yau sun ƙaru da mutanen da suka gudo daga can.

Hana makami da doka ya zo ne tare da Turawa. A ranar 2 ga Yuli 1890 ƙasashen Turai suka sa hannu a wata yarjejeniya a babban birnin Beljiyam, wadda ta taƙaita shigo da bindigogin zamani cikin mafi yawan Afirka, aka bar wa baƙar fata bindigar toka kawai. Sun ce don kashe cinikin bayi ne, sai dai kowa ya san hakan ya sauƙaƙa masu cin ƙasa. Bayan sun zauna, Faransa da Ingila duk suka sa riƙe bindiga sai da takardar izini. A nan aka ƙulla wani ciniki da ba a rubuta ba: talaka ya ajiye makami, hukuma ta tsare hanya. Da hanya ta yi lafiya manyan ayarori suka ragu, mutum biyu ko uku suka iya tafiya su kaɗai, daga baya mota ta karɓi aikin jaki. Gwamnatocinmu na bayan 'yancin kai sun gaji dokar, sun kuma gaji alkawarin da ke tare da ita.

Shekarun 1990 sun cika yankinmu da makamai, daga yaƙin Laberiya da Saliyo zuwa tawayen arewacin Mali da Nijar. Shugabannin CEDEAO suka ayyana dakatar da shigowa da fitarwa da ƙera ƙananan makamai a Abuja ranar 31 ga Oktoba 1998, sannan a 2006 suka mai da ita cikakkiyar yarjejeniya, wadda ta haramta wa farar hula makaman yaƙi, ta ce ƙaramar bindiga ma sai da lasisi. A Agadas, ranar 25 ga Satumba 2000, an ƙona bindigogi sama da dubu a gaban jama'a a bikin wutar zaman lafiya. Rugujewar Libiya a 2011 ta sake buɗe ƙofar da aka yi wahalar rufewa.

Daga nan muka shiga zamanin dokar ta-ɓaci. An kafa ta a jihar Difa a Fabrairun 2015, aka hana hawa babur, aka tsayar da cinikin tattasai da kifi na tsawon lokaci. A Maris 2017 ta kai wasu sassan Tilaberi da Tawa. Ta ba jami'an tsaro ikon binciken gida dare da rana, aka kuma riƙa sabunta ta duk wata uku. Masu kai albasar Galmi zuwa Kumasi da Ankara sun fi sanin halin da ake ciki a Bawku, garin kasuwa da ke kusa da iyakar Gana da Burkina Faso da Togo. Can ma rikicin sarauta ne, tsakanin Kusasi da Mamprusi, tun wajen shekarun samun 'yancin kai. Da ya sake tashi a Nuwamban 2021, gwamnati ta sa dokar hana fita, kuma duk sanarwar sabunta ta tana ƙarewa da haramta ɗaukar bindiga ko harsashi ko kowane makami. Har sa batakari aka hana, don ana ɓoye bindiga a ƙarƙashinta.

Mun san abin da wannan ke ci mana. Albasa ba ta jiran takarda. Wani ɗan ƙungiyarmu ya kwana uku a wani shinge saboda addar da yaron motarsa ya ajiye a bayan kujera, kafin mu kai ga sako shi buhunan ƙasa sun fara ruwa. Bashin wannan lodi har yanzu yana biyan sa.

Masu son a bar mu mu riƙe bindiga suna da hujja mai nauyi. Ranar 15 ga Maris 2021 'yan bindiga suka tare motocin da ke komowa daga kasuwar Banibangu, a jihar Tilaberi, gwamnati ta ce an kashe mutum 58. 'Yan cin kasuwa ne irinmu, hannunsu wayam. Suna cewa doka mai bin doka kawai take kwance wa ɗamara, tunda ɗan fashi bai taɓa neman lasisi ba. A Yunin 2022 gwamnatin Zamfara, maƙwabciyar Maraɗi, ta fito fili ta ce jama'a su nemi izinin mallakar bindiga don kare kai, babban hafsan tsaron Najeriya ya ce gwamna ba shi da wannan iko.

Ɗaya ɓangaren ma daga Banibangu yake kawo hujjarsa. Bayan wancan kisa mutanen yankin suka ƙarfafa 'yan sintiri. A farkon Nuwamban shekarar aka yi masu kwanton ɓauna, mutum 69 suka rasu, har da magajin garin da ke jagorantarsu. Bindigar farauta ba ta karawa da makaman yaƙi. Ga mu masu ƙetare iyaka akwai ƙarin matsala: lasisin ƙasa ɗaya ba ya aiki a wata. Direban da aka samu da bindiga a ƙasar da ke cikin ta-ɓaci, sunan ɗan ta'adda ko mai safarar makamai za a ba shi, kuma zargin zai bi duk motar albasa da ta biyo baya. A gari kamar Bawku, baƙo mai makami nan take za a tambayi ɓangaren da yake yi wa aiki.

Abin da muka fahimta daga wannan tarihi shi ne, hukumar da ta karɓe makami ta ɗauki bashin tsaro a wuyanta, kuma haƙƙinmu ne mu bi ta wannan bashi. Shi ya sa a duk zama da hukumomi muke roƙon rakiyar jami'an tsaro a wuraren haɗari ba tare da an tatse mu ba, da sanar da mu sabuwar doka kafin motoci su tashi, da bayyana abin da ake kira makami don kada wuƙar yanka igiya ta kai mutum gidan kaso. Muna kuma roƙon dokar da aka ce ta wata uku ce a riƙa duba amfaninta kafin a sabunta.

Namu ɓangaren shi ne mu koma ga dabarar madugu. A tashi a jere, a naɗa shugaban tafiya, a ba ofis sunayen direbobi da lambobin motoci, a isa masauki kafin lokacin hana fita. Mai mota ya binciki motarsa da kansa kafin lodi, kada kuma a karɓi saƙon da ba a buɗe ba, ko na wane ne. Wanda aka tsare ya kira ofis tun a sa'ar farko.

Allah ya jiƙan 'yan uwanmu da suka rasu a hanya, ya ba iyalansu haƙuri, ya kai mu bikin baɗi lafiya. Amin.